Gargaɗi ga 'Yan Gem da Masu Son Kwamfuta: Ku Binciki VPN ɗin Kyauta da Wasannin Sata da ke Na'urorinku

Duk wanda ke da VPN na kyauta a wayarsa ko kwamfutarsa, bai kuma san kamfanin da ya ƙera shi ba, ya dakata ya karanta wannan kafin ya sake buɗe manhajar bankinsa. Haka wanda ya taɓa sauke GTA ko PES ko FIFA da aka fasa, ko manhajar maguɗi ta Free Fire da PUBG, ko wani fayil da aka ce yana ba da daimon kyauta. Da ku nake, samari da 'yan mata masu kwana a gaban allo, masu gyara wa mutanen gida waya, waɗanda idan kwamfutar ofis ta ƙi tashi ku ake kira. Ku aka fi hari, domin ku ne kuka san yadda ake kashe Windows Defender, ku ne kuka san inda ake ba waya izinin ɗora manhajar da ba daga Play Store ta fito ba. Dattijon da bai san komai ba sai amsa kira, wannan tarkon ba ya kama shi sai ta hannunku.

Mu fara da abin da ya faru a watan Mayun 2024. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sanar da rushe wata hanyar sadarwa mai suna 911 S5, bayan an kama mutumin da ake tuhuma da gudanar da ita, YunHe Wang, a Singafo. Adireshin intanet sama da miliyan 19 ne suka shiga hannunta, a ƙasashe kusan 200. Ta ina ta samu waɗannan kwamfutoci? Ta VPN na kyauta guda shida: MaskVPN, DewVPN, PaladinVPN, ProxyGate, ShieldVPN da ShineVPN. Wasu mutanen da hannunsu suka sauke su. Wasu kuwa ba su ma san sun shigo ba, domin an cusa su ne cikin wasanni da manhajojin sata. Kana ɗora gem ɗin, VPN ɗin ya bi shi ya zauna.

Abin da ake yi da kwamfutar shi ne abin tsoron. Ana sayar da hanyar intanet ɗinka ga wanda ke son aikata laifi ba tare da an ga fuskarsa ba. Shi yana can wata nahiya, amma duk abin da ya aikata, adireshinka ne zai bayyana. Hukumomin Amurka sun ce ta waɗannan adireshi aka shigar da buƙatun bogi kusan 560,000 na tallafin rashin aikin yi a lokacin korona, asarar da ta haura dala biliyan 5.9. Sun kuma lissafa barazanar tayar da bam da yaɗa hotunan cin zarafin yara cikin abubuwan da aka yi ta wannan hanya. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan na ƙarshe. A ƙasar da layin wayarka yake haɗe da lambar NIN ɗinka, idan bincike ya biyo sawun adireshi, ƙofar gidanku zai fara ƙwanƙwasawa, kuma kafin ka gama bayanin cewa kai Free Fire kawai kake bugawa, an riga an ɓata maka suna a unguwa. Ga datarka da ka saya da kuɗinka, wani yana cinye ta yana karɓar dala.

Wanda ke da Windows ya buɗe Task Manager yanzu, ya duba ko akwai mask_svc.exe ko dew_svc.exe, ya kuma duba jerin manhajojin da ke kan kwamfutar ko zai ga ɗaya daga cikin sunayen nan shida. Rushe 911 S5 bai kawo ƙarshen sana'ar ba. Tun 2015 aka gano cewa Hola, wani VPN na kyauta da miliyoyin mutane suka ɗora, yana sayar da hanyar intanet ɗin masu amfani da shi ta wani reshensa mai suna Luminati, har wani ya yi amfani da ita ya kai wa wani shafi hari. Sunaye ne ke canzawa, cinikin yana nan.

Da yawa daga cikinmu a Najeriya mun saba da VPN ne a ranar 5 ga Yunin 2021, lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter. Cikin kwana ɗaya kowa ya garzaya Play Store ya danna na farko da ya gani mai alamar makulli ko garkuwa. An ɗage dakatarwar a ranar 13 ga Janairun 2022, amma manhajojin suna nan a wayoyi har yau, an manta da su. Bayan nan 'yan gem suka mayar da shi kayan aiki: wannan yana son shiga sabar wata ƙasa, wancan yana neman farashi mai sauƙi, wani an gaya masa VPN yana rage ping. A kan wannan na ƙarshe bari in faɗa a fili: a mafi yawan lokuta ƙara shi yake yi. Saƙonka da zai tafi kai tsaye zuwa sabar wasan sai ya fara ratsa Jamus ko Singafo ya dawo, a kan sabar kyauta da dubban mutane suka cunkushe. Kana biyan sirrinka ne a kan alƙawarin da galibi ba a cikawa.

Ya kamata a fahimci abin da VPN yake yi, domin tallan ya rikita mutane. Kamar ka ƙi yarda da mai kai wasiƙa na unguwa ne, sai ka ɗauki ɗan aike na kanka. Mai kai wasiƙar ya daina sanin inda saƙonninka ke zuwa, gaskiya ne, amma yanzu ɗan aiken ya san kowane gida da kake aikawa, da lokacin da kake aikawa, da yawan abin da kake aikawa. Kamfanin layinka ya daina gani, mai VPN ya fara gani. Tambayar ita ce: wane ne shi, a ina yake, wa ke biyan kuɗin sabobinsa? Sabobi kuɗi suke ci kowane wata, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

An auna wannan, ba zato ba ne. A 2016 masu bincike daga hukumar CSIRO ta Ostareliya da wasu jami'o'i sun duba manhajojin VPN guda 283 na Android. Kashi 38 cikin 100 an same su da alamun muguwar manhaja. Kashi 18 cikin 100 ba sa ma lulluɓe bayanan da ke bi ta cikinsu, wato aikin da aka ɗora su dominsa ba sa yi. A Yulin 2020 an tarar da rumbun bayanan wasu VPN guda bakwai masu alaƙa da Hong Kong, ciki har da UFO VPN da Super VPN da Flash VPN, a buɗe a intanet babu ko kalmar sirri, bayanai sama da terabait ɗaya. Dukansu suna tallan cewa ba sa ajiye komai game da kai. A ciki an ga imel, da adireshin intanet, da kalmomin sirri a rubuce ƙarara. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan kwaɗayin ba: Facebook ya sayi Onavo a 2013 ya riƙa raba shi a matsayin kariya, alhali yana amfani da shi wajen sanin manhajojin da mutane ke buɗewa, har aka cire shi daga shagon Apple a 2018, aka rufe shi a 2019.

Shi kuma shafin ɓoye na birauza, wanda Chrome ke kira Incognito, iyakar aikinsa ya hana ƙaninka ganin inda ka shiga idan ya ɗauki kwamfutar. Kamfanin layinka yana gani, shafin da ka ziyarta yana gani. A 2024 Google ya amince zai goge biliyoyin bayanai da ya tattara daga masu amfani da wannan shafi, don sasanta ƙarar da aka shigar da shi tun 2020.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, wanda kuma ya fi saurin kwashe wa mutum dukiya.

Akwai wani nau'in muguwar manhaja da aikinta ɗaya ne tak: ta shigo, ta kwashe, ta aika. Ba ta lalata kwamfuta, ba ta nuna wata alama. Cikin ɗan lokaci kaɗan za ta tattara duk kalmomin sirrin da ka bari birauza ta riƙe maka, da lambobin katin banki da ka taɓa adanawa, da fayilolin jakar kirifto, da mabuɗan shiga Telegram da Discord da Steam, ta ɗauki hoton allonka, ta aika wa mai ita. Sunayen da suka yi fice su ne RedLine, Vidar, Raccoon da Lumma. Ana ba da hayarsu ne wata-wata, don haka ɓarawon ba ya buƙatar iya rubuta ko layi ɗaya na manhaja. Abin da yake buƙata kawai shi ne wanda zai danna, kuma babu inda ya fi samun masu dannawa kamar wurin 'yan gem.

Kun san salon, domin kun sha ganinsa. Bidiyo a YouTube ko TikTok, ana nuna wani yana harbi ba ya kuskure, ko yana ganin abokan gaba ta bayan bango. A ƙarƙashinsa akwai mahaɗi zuwa MediaFire ko wata tasha ta Telegram. Fayil ɗin a ƙunshe yake, da kalmar sirri mai sauƙi kamar 1234. Sannan umarni: ka kashe antibairos kafin ka buɗe, wai ƙarya yake yi idan ya yi ƙara. Kalmar sirrin nan ba don kare ka aka sa ta ba. An sa ta ne don na'urorin bincike su kasa leƙa abin da ke ciki kafin ya iso gare ka. Umarnin kashe kariya kuwa shi ne gaba ɗayan dabarar. A Satumban 2022 kamfanin Kaspersky ya bayyana wani ƙunshi da ke ɗauke da RedLine, wanda bayan ya sace asusun YouTube na wanda ya kamu, sai ya ɗora sabon bidiyon tallan maguɗin FIFA 22 da Forza da wasu wasanni a tashar mutumin. Saboda haka ganin bidiyon a tashar wanda ka sani, ko samun mahaɗin daga abokinka a Discord, ba hujja ba ce ta komai. Mai yiwuwa abokin naka ya riga ya rasa asusun.

Wani zai ce shi yana da tabbacin mataki biyu, ko an sace kalmar sirri ba za a shiga ba. Ina ma haka ne. Idan ka shiga Gmail ko Facebook sau ɗaya, shafin yana ajiye wata 'yar shaida a birauzarka, kukis, don kada ya riƙa tambayarka kullum. Wanda ya kwafe wannan shaidar ya ɗora a tasa birauzar, shafin zai ɗauka kai ne, ba zai nemi kalmar sirri ko lamba ba. Da irin wannan aka ƙwace tashar Linus Tech Tips a Maris na 2023, tashar mutanen da sana'arsu ke nan, masu mabiya sama da miliyan 15. A Yunin 2021 masu kutse sun ce da kukis na dala 10 suka shiga Slack na ma'aikatan kamfanin EA, suka yaudari sashen fasaha, suka fita da bayanai kusan gigabait 780, har da asalin rubutun manhajar FIFA 21. Idan hakan ta faru da su, kai da ke buga gem da aikin ofis da hada-hadar banki a laftof ɗaya, me ka dogara da shi?

Girman abin ya wuce yadda ake zato. Microsoft ya ce tsakanin 16 ga Maris da 16 ga Mayun 2025 kaɗai ya gano kwamfutocin Windows sama da 394,000 da Lumma ta kama a faɗin duniya, aka kuma ƙwace adireshin shafuka kusan 2,300 da take amfani da su. Kafin nan, a Oktoban 2024, 'yan sandan Holan da FBI sun tarwatsa sabobin RedLine. Ita kuwa Lumma, duk da ƙwace shafukanta, ta farfaɗo cikin 'yan makonni. Kada kowa ya zauna jiran hukuma ta share masa hanya.

Wasannin da aka fasa suna da nasu ƙarin bala'in. A 2021 kamfanin Avast ya fallasa Crackonosh, wadda aka ɓoye cikin kwafin sata na GTA V, Far Cry 5, NBA 2K19, The Sims 4, Euro Truck Simulator 2 da PES 2018. Tana sake tayar da kwamfuta a yanayin da antibairos ba ya aiki, ta goge shi, ta hana Windows sabunta kansa, sannan ta sa injinka haƙo kuɗin Monero dare da rana. Kwamfutoci sama da 222,000, riba sama da dala miliyan 2 ga mai ita. A wurinmu wannan yana da wata ma'ana ta daban: laftof ɗin da ke zafi ko ba ka taɓa shi ba, fankarsa na ihu, batirinsa na mutuwa cikin rabin awa, kai kuma kana sayen fetur kana zuba wa janareta don wani ya tara kirifto. Masu gidajen gem da masu tura wa mutane wasanni daga hadis (hard disk) a kasuwannin waya, ina roƙonku da girman Allah ku kula. Kwafi ɗaya mai cuta a hadis ɗinku zai iya shiga kwamfutoci ɗari kafin wata ya ƙare, kuma mutanen nan amana suka ba ku.

Ba na cewa shagon hukuma tsarkakakke ne. A Fabrairun 2025 Valve ya cire wani wasa na kyauta mai suna PirateFi daga Steam bayan an gano Vidar a cikinsa, ya kuma shawarci waɗanda suka buɗe shi su yi tunanin yi wa kwamfutarsu fomatin. A Yunin 2023 an cusa wata cuta da aka kira Fractureiser cikin ƙarin kayan Minecraft a CurseForge. Bambancin shi ne a can an gano, an cire, an sanar. A tashar Telegram babu mai sanar da kai komai.

A waya kuma, inda mafi yawanmu muke wasa, hanyar ta fi gajarta. Daimon na Free Fire, UC na PUBG Mobile, CP na Call of Duty Mobile, duk a sabar kamfanin ake lissafa su, ba a cikin wayarka ba. Babu wata manhaja ko shafi da zai iya ƙara maka ko ɗaya. Shafin da ya ce ka shiga da Facebook don karɓar kyauta, asusun yake so. Manhajar da aka yi wa kwaskwarima kuma, idan ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, lambar OTP ɗin bankinka take nema. Idan ta nemi izinin da ke ƙarƙashin Accessibility, tana neman ikon ganin duk abin da ke allonka ne da danna maɓalli a madadinka. Wasan harbi ba shi da wata hulɗa da ɗayan biyun. Iyaye, wannan ya shafe ku kai tsaye: wayar da kuke miƙa wa yaro ya yi gem bayan isha'i ita ce mai manhajar banki da layin da BVN yake kai.

To, wanda ya san ya taɓa danna irin waɗannan fa? Ya ɗauka an riga an kwashe, ya yi aiki a kan haka, kuma tsarin da zai bi yana da muhimmanci. Kada ka canza kalmar sirri a kan na'urar da kake zargi, domin sabuwar ma za ta bi sawun tsohuwar. Cire ta daga intanet, ka nemi wata na'ura mai tsabta. Fara da imel, tunda ta nan ake dawo da kowane asusu. Bayan canza kalmar, shiga sashen tsaro ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, wannan ne ke kashe kukis ɗin da aka sata. Ka duba ko an ƙara wata lambar waya ko wani imel na dawo da asusu da ba naka ba. Sai banki: idan ka taɓa adana kati a birauza, ka sa a toshe shi a ba ka sabo. Sai Facebook, Telegram, Discord, Steam, da jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinka. Mai kirifto ya buɗe sabuwar jaka da sabbin kalmomi a na'ura mai tsabta ya kwashe komai zuwa can, domin kalmomi goma sha biyun da ke buɗe tsohuwar jakar ba a canza su, wanda ya gan su ya gan su har abada. Daga ƙarshe a yi wa kwamfutar fomatin, a ɗora Windows daga shafin Microsoft. Na san akwai zafi a rasa wasannin da aka sha wahalar saukewa da datar dare. A kwashe hotuna da takardu, a bar duk wani fayil mai buɗe kansa ya tafi. Antibairos ya ce bai ga komai ba bai isa ba, domin wasu daga cikin waɗannan ɓarayin suna goge kansu da zarar sun gama aikawa.

Kayan kare sirri na gaskiya suna nan, kuma da yawansu ba sa cin ko kwabo. Bitwarden da KeePass suna riƙe kalmomin sirri, kowane asusu da tasa, a maimakon barinsu a birauza. Manhajar samar da lamba kamar Google Authenticator ko Aegis ta fi saƙon tes aminci, Steam Guard kuma wajibi ne ga mai kaya a Steam. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya kafa a 2013, zai nuna maka ko imel ɗinka ya fito a wata ɓarakar bayanai. VirusTotal yana gwada fayil da injinan bincike masu yawa, amma kada ka ɗora masa takardar sirri, kuma kada ka ɗauki shirunsa a matsayin wanke fayil ɗin da aka kulle da kalmar sirri.

Idan da gaske kana buƙatar VPN, nemi wanda aka san masu shi, aka san inda kuɗinsa ke fitowa, ya kuma buɗe manhajarsa masana na waje suka bincika. Proton VPN na Suwizalan yana da tsarin kyauta wanda masu biyan kuɗi ke ɗaukar nauyinsa. Mullvad na Suwidin yuro 5 ne a wata, ba ya neman ko imel, kuma a Afrilun 2023 'yan sanda sun je ofishinsa a Gotenbag da takardar bincike, kamfanin ya ce sun fita ba su ɗauki komai ba domin babu bayanan abokan ciniki da za a ɗauka. Ka sauke su daga shafinsu na asali, ka rubuta adireshin da hannunka, domin ana yin jabunsu a tallace-tallacen da ke fitowa a saman sakamakon bincike. Abin da ake kira VPN mai tsada da aka fasa kuwa, wanda ake rabawa a Telegram, shi ne mafi muni a cikin duka: ka ba shi izinin ganin duk zirga-zirgarka, kuma wanda ya yi masa kwaskwarima ba ka san ko sunansa ba.

Na san dala ta yi tsada, katin naira kuma ba ko'ina yake wucewa ba, shi ya sa wasan sata yake da farin jini. Amma eFootball kyauta ne, Fortnite da Counter-Strike 2 da Dota 2 kyauta ne, Epic Games Store yana raba wasa kyauta kowane mako tun shekaru, Steam yana karya farashi sau da yawa a shekara. Mai sha'awar gwaje-gwaje da ba zai iya haƙura ba, ya ware tsohuwar na'ura da babu imel ɗinsa, babu banki, babu WhatsApp a kanta, kada kuma ya haɗa ta da filashin da yake kaiwa ofis. A gidan gem, kada ka shiga asusunka na Google ko Facebook a kwamfutar haya, idan kuma ka riga ka yi, fitar da wannan na'urar daga sashen tsaro tun kafin ka kwanta yau. Sannan ka karɓi wayoyin ƙannenka da ta mahaifiyarka, waɗanda kai ne ka ɗora musu VPN a 2021, ka duba su ɗaya bayan ɗaya.